Kafin Ki Kai Bello Gidan Raino

Zuwa ga Uwar Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ke da ɗan maigidana Bello, da mahaifinshi. Allah Ya sa kun sauka Wurno lafiya, Ya tsare ku gaba da baya, Ya sa ki koma bakin aikinki na asibiti a sa'a.

Za ki iske wagga takarda cikin jakar kayan yaron, ƙarƙashin tawul. Ina rubuta ta yanzu da hantsi, kina can maƙwabta kina sallama. Kin san ke ce ta fari gare ni, ko sunanki ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in yi maki doguwar magana ido da ido. Tun da kinka zo wankan gida nake juya abin ga a raina. In na buɗe baki sai in tambaye ki ko kin sha kunu. To yau mota za ta tashi, kuma na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na koma na sake sharewa. Babanku daga kan tabarmarshi ya ce, "Malama, ko dai ki zauna, ko ki faɗa mata abin da ke cin ki." Shi ne na ɗauko biro.

Shekaranjiya na ji ki kina waya da abokiyar aikinki. Ba laɓe na yi ba, ina bakin murhu ne. Na ji kin ce kin tura kuɗin kama wuri ga wata mata mai rainon yara a gidanta can Wurno, don kada wata ta riga ki kafin hutun haihuwarki ya ƙare. Na kuma ji kin ce, "A'a, ban ga gidan ba tukuna, amma tunda ke kinka yaba, shi ke nan." Ludayi na hannuna, sai da na aje shi. Maganar da ta fito bakinki, ita ce ta fito bakina sa'ad da nake ɗauke da cikinki.

Ban san matar ga ba. Wataƙila mutuniyar kirki ce, Allah Ya sa haka. Ba ita nake zargi ba. Abin da na yi nake so ki sani.

Lokacin an yi mani canjin makaranta daga Rara zuwa nan Goronyo, Babanku kuma yana tuƙa tifa wurin masu haƙa sabbin hanyoyin ruwan dam. Ba mu da kowa a garin. Innata tana Rara da nata ƙananan, uwar Babanku ta rasu. Garin ya cika da baƙi, malamai da ma'aikatan asibiti da na ofis, kowace da goyo, masu raino kuwa ba su da yawa. A ɗakin malamai ba a wata hira sai wa ta samu wuri, wa ta rasa. Wata malama da muke koyarwa tare ta ce mani, "Akwai Iya Kulu a bakin gari. Hannunta na da albarka. Amma in ba ki ba da kafin alƙalami tun yanzu ba, wallahi kafin ki haihu an cike." Tsoro ya kama ni. Na sayar da tunkiyar da Innata ta ba ni ta aure, na ƙulle kuɗin a gefen gyale, na miƙa wa malamar ta kai. Ko ƙofar gidan ban sani ba. Na dawo ina jin daɗi kamar na gama wani babban aiki.

Ke ki je ki ga gidan matar nan ta Wurno da idonki kafin ranar da za ki kai Bello. Kada ki sanar za ki zo. Kada ki je da safe sa'ad da anka share ko'ina, ko da marece sa'ad da iyaye ke ɗaukar 'ya'yansu. Ki je rana tsaka, lokacin da yara sunka gaji, ita ma ta gaji. Ki zauna, ki sha ruwan gidan, ki dubi inda ake shimfiɗe su, inda murhu yake, ko rijiya na da murfi. Ki zagaya bayan gida. Ki ce za ki kewaya in kunya ta hana ki, amma ki zagaya.

Akwai wata da ta nemi ta riƙa mani ke tun kafin a haife ki. Maman Ladi, matar Malam Yohanna da ke koyar da lissafi a makarantarmu, mutanen ƙasar Zuru. Katanga ɗaya ta raba mu. Ta ga cikina ya tsufa, ta leƙo ta ce, "Malama, in kin sauka lafiya ki kawo mani. Ladi ta shiga makaranta, hannuna ba kowa." Na yi mata godiya, na ce na riga na kama wuri. Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Tsoron bakin mutane na ji. Na ce za a ce Malama ta kai ɗiyarta gidan Kirista ga gidajen Musulmi. Ba wanda ya ce mani haka, ni na faɗa wa kaina. Zan dawo kan maganarta.

Ranar da na fara kai ki gidan Iya Kulu, tun daga zaure jikina ya yi sanyi. Ita dai mace ce mai fara'a, ta tarbe ni da hannu biyu, ta karɓe ki tana maki kirari. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da uwarshi, tsohuwa tukuf wadda idonta ya kusa tafiya. Amma yaran sun fi ƙarfin hannu biyu. Wasu na kwance bisa tabarma, wasu na rarrafe, ɗaya na kuka ba wanda ya waiwaye shi. Dangar bayan gida ta zana ce, ta ruɓe daga ƙasa, har akuya na shiga tana fita. Ta wannan kafar na hango ƙaramar hanyar ruwa da anka ja daga babba zuwa gonakin albasa. A lokacin busasshiya ce. Zuciyata ta ce mani, ɗauki ɗiyarki ki tafi. Sai na tuna tunkiyata. Na ce in na fasa, kuɗin sun tafi ke nan. Na ce ai jaririya ce, ina za ta? Kafin ta fara rarrafe na sami wani wuri. Na aje ki, na tafi aji nonona na zuba.

Kin fara zama, ban nemi wani wuri ba. Kin fara rarrafe, ban nema ba. Kowane wata sai in ce bari wanga ya ƙare, tunda na riga na biya.

Wannan shi ne babban kuskurena, kuma shi ya hana ni sukuni da na ji wayarki. Kuɗin da kinka tura, ki ɗauka sun tafi. Ki cire su daga lissafi tun yau. In kin shiga gidan kin ji ranki ya kwanta, alhamdu lillahi, sun yi amfani. In kin ji bai kwanta ba, ko da ba ki iya faɗin dalili, ki goya ɗanki ki fito. Kada ki tsaya jiran su ƙare. Na san albashinki, na san ba a banza kinka same su ba. Duk da haka.

Kuma ban gaya wa Babanku abin da na gani ba. Tun farko bai so sayar da tunkiyar ba, ya ce in bari sai na haihu mu duba tare. Na ƙi. To da wane baki zan dawo in ce mashi gidan bai yi mani ba? In ya tambaya sai in ce lafiya lau. Da na faɗa mashi zancen dangar nan kaɗai, da ya sayo zana biyu ya ɗaure a yini ɗaya, ko ya ce a ɗauke ki. Girman kai ya rufe mani baki. Ke kada ki yi haka da mahaifin Bello. Na san yana Sakkwato sai ƙarshen mako, kuma na lura ke ma ba ki son a ce kin yi kuskure, a wurina kinka gado. Ki faɗa mashi kin biya ba ki gani ba. Ku je tare in ya zo. Namiji yakan ga abin da mace ba ta duba ba, ita ma haka.

Na tashi na leƙa waje, na ɗauka motar ce. Mai kankana ne. Bari in ci gaba.

Da rani ya kama anka fara sako ruwa, sai na riƙa ganin wasu abubuwa. In na zo ɗaukar ki, sai in iske ƙafafun Iya Kulu da danyen laka har ƙwauri. Hannunta na warin albasa. Wata rana na iske ki da zanen da na kawo ki da shi tun safe, ya jiƙe ya bushe a jikinki, cinyoyinki sun yi ja. Na gani, na yi shiru. Ta girme ni, ina ce mata Iya, ina jin nauyin in tambaye ta ina ta je. Na riƙa ce wa kaina wataƙila bayan gida ta ɗan zagaya.

Ki yi tambaya. Da ladabi, da gaisuwa, amma ki yi. Yara nawa take riƙo? In ta fita kasuwa ko biki ko gaisuwar mutuwa, wa ke zama da su? Ki ce a nuna maki mutumin. Tana da wata sana'a da ke fitar da ita? In mace ta ji haushin waɗanga tambayoyi, to kin sami amsa.

Ranar da abin ya faru, an tashe mu da wuri don mahaifin hedimasta ya rasu. Na iso gidan kafin azahar. Na yi sallama, tsohuwar nan ta amsa daga gindin bango, da wani jariri a cinyarta. Na ce, "Kaka, ina Iya?" Ta ce, "Ta zaga, yanzu tana tahe." Na duba tabarma, ba ki nan. Na duba ɗaki, na duba bayan randa. Na ce, "Kaka, ina ɗiyata?" Ta shafa tabarma da hannu ta ce, "Ai ga ta nan, yanzun ga nij ji motsinta."

Ban san yadda na ratsa dangar ba, sai daga baya na ga zana ta yanke ni a hannu. Kina zaune cikin hanyar ruwan. Ruwa ya kai maki ciki. Kin kama wata ciyawa da hannu ɗaya, ɗayan kina bugun ruwa da shi. Ba kuka kike ba. Da kinka gan ni ma dariya kinka yi. Na faɗa ciki da takalmina na sure ki. Ina fitowa, wani manomi can sama ya cire lakar da ya toshe hanyar da ita, don ya gama shayar da tashi gona. Ina tsaye, kina ƙirjina, na ga ruwan ya taho ya cika wurin da kike zaune har ya shafe ciyawar da kinka riƙe. Na zauna cikin laka ina ta salati, ban iya ko kuka ba.

Har yau in na bi ta gefen gonakin nan na ji ƙarar ruwa na gudu, sai in ƙara sauri. Ke kuwa kin girma kina son wanka a gulbi, ina hana ki, kina cewa na cika tsoro.

Sai ga Iya Kulu ta taho da kwando a kai. Abin da na yi mata, shi ma ina so ki sani. A bakin hanya na tare ta, gaban manoma da matan unguwa. Ba abin da ban faɗa mata ba. Na ce maciyiya amana ce. Na ce ta kashe mani ɗiya Allah bai nufa ba. Na ce ta fito mani da kuɗina yanzu-yanzu. Ta sauke kwandon, ta dube ki jiƙe sharkaf. Ta ce, "Malama, na yi laihi, ba ni da ta cewa. Amma kuɗinki suna cikin ƙasa. Da su nik kama 'yar gonar ga, nis sai iri. Abin da ku ka ba ni wata-wata ba ya kai mu, ga tsohuwa, ga marayu. Ki yi mani haƙuri har a cire albasa."

Kin ji. Kuɗin da na ba da don a zauna da ke, su ne sunka fitar da ita daga gidan. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ba kowane wata nake biyanta kan lokaci ba. In albashi ya makara sai in ce ai tana riƙe da kafin alƙalamina.

Kafin mako ya zagayo duk iyaye sun kwashe 'ya'yansu. Da anka cire albasa ta zo har ƙofar gidanmu da kuɗin a ƙulle. Na ƙi fita. Babanku ya karɓa, ya shigo ya aje gabana. Bayan damina na ji ta kwashe tsohuwar sun koma wurin danginta a Tursa. Ban sake ganin ta ba. Ta yi laifi, ban canza magana ba, ba a barin yara da makauniya. Ɗauke ki da na yi daidai ne, gaya wa sauran iyaye ma daidai ne. Amma tozarcin bakin hanya bai ƙara maki lafiya ba, kuma na san rabin faɗan da na yi mata, da kaina nake yi.

Don haka in kin ga abin da bai yi maki ba, ki ɗauke ɗanki cikin mutunci. Ki faɗa mata dalili a cikin ɗaki. In akwai haɗari ga sauran yara, ki sanar da iyayensu, wannan wajibi ne. Kada ki tsaya rigimar a maido maki kuɗi. In kuwa kin zauna da ita, ki biya ta ranar da kunka yi alkawari, ko da ke za ki kwana da ƙaranci. Ki san mi take ci. Mai riƙon ɗanki in tana da yunwa, hankalinta na wani wuri. Kuma kada ki ga laifin mai neman kuɗin kama wuri. Ita ma wasu take mayarwa saboda ke, tana da haƙƙi. Ku dai yi magana a fili tun farko: kuɗin na wane wata ne, in kin fasa mi za a yi, in yaro bai da lafiya ya kwana biyu bai zo ba fa. Ni ban tambayi ko ɗaya ba.

Washegarin ranar da na tsamo ki daga ruwa, da kunya kamar in nutse, na ƙwanƙwasa ƙofar Maman Ladi. Labari ya riga ni isa. Ba ta ce ai na gaya maki ba. Ta miƙo hannu ta karɓe ki. Na fara kwance gefen gyale, ta ce, "A'a, Malama. Bari ki ga riƙona tukuna, ƙarshen wata mu yi magana." Sa'an nan ta ce, "Zauna ki gaya mani abin da ba ku ci da abin da ba ku sha, da addu'ar da kike mata in za ta yi barci. Ni ban iya taku ba, amma ba zan sa mata tawa ba sai dai in roƙa mata lafiya a zuciyata." Ta ware maki kofinki da cokalinki. A bayanta kinka yi ƙiwuya, a tsakar gidanta kinka fara tafiya. Ran da kinka yi taku na fari, da gudu ta zo har bakin ajinmu tana kirana, ɗalibai na dariya. Mutane sun yi magana? Wasu sun yi, kwana kaɗan sunka gaji. Da anka yi wa mijinta canji, ke da ita kuka kunka yi har mota ta tashi. Ba ki tuna ta, na sani. Ita ce matar da ke riƙe da ke a hoton nan na cikin akwatina, wadda kinka taɓa tambayata na ce maƙwabciya ce.

A Wurno akwai irinta, cikin Musulmi da Kirista. Kada ki zaɓa don suna, kada ki ƙi don tsoron baki. Ki dubi yadda mace ke ɗaukar yaron da ba nata ba sa'ad da take zaton ba mai kallonta.

Ga shi na cika takarda, ban ma san ko na faɗi abin da nake so ba. Wataƙila ki karanta ki ce Inna ta tayar da hankalinta a banza, matar ga ba ta da aibi. Ina roƙon Allah Ya sa haka ne, ki yi mani dariya. Ni kaina ban san ko tsoron gidan rainon ne ke damuna, ko kuwa hannuna ne da ya saba da ɗumin yaron ga. Da Babanku na iya tashi da kanshi, da na bi ku na zauna ko wata biyu ne. Kin ga yadda jikinshi yake, ba ni iya barin shi. Amma mun yi magana da shi yanzu. Ya ce in kin je kin ga wurin bai yi ba, kada ki kai yaron ko na yini ɗaya don tsoron aiki. Ki kira. Gwaggonku ta yarda ta zo ta zauna da Babanku, ni in hau mota in zo in riƙe Bello har ki sami inda ranki ya kwanta. Ba roƙo za ki yi ba, kira kawai. Ko ba ki iya faɗi, ki ce mani, "Inna, ki taho," ba zan tambaye ki komi ba.

Na ji muryarki a zaure, bari in naɗe.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare abin da kinka haifa. Allah Ya haɗa Bello da hannun da zai ji tausayinshi, Ya kare shi daga ruwa da wuta da sakacin mutane, namu da na wasu. Allah Ya kiyaye hanyar da za ku bi, da wadda mahaifinshi ke bi kowane mako. Iya Kulu kuma, in tana raye Allah Ya rufa mata asiri, in ta riga mu Ya jiƙanta, ki sa ta a addu'a ke ma. Babanku na sa maki albarka. In kun sauka ki kira mu, ko yaron na barci ki kara mashi wayar in ji numfashinshi.

Wassalam.

Innarki.